Sai Mai Dabba Ya Yarda

Shamsiya ta iso biro, wato ofis, da safe, ƙosanta a leda, ta tarar da wani kira na jiranta a kwamfuta tun asuba. Aikinta ke nan a projen lafiyar dabbobi na jihar Tawa: makiyayi ya buga waya, na'ura mai basira ta amsa masa, ita kuma ta saurara daga baya ta duba ko na'urar ta bi umarni.

Na'urar dai ba hannu ba ƙafa. Kayan aiki aka rataya mata: na ba da shawara, na faɗin rijiyar da ke da ruwa, da na aika wa likitan dabbobi saƙo ya hau moto, wato babur. Kowanne da ɗan bayanin da ke gaya mata lokacin amfani da shi, kuma Shamsiya ce ta rubuta su. Tana ji da su ba kaɗan ba. A na likita ta sa: "Kada a kira likita sai mai dabba ya yarda." Ba don son iyawa ba ne, bara an yi wa raƙumin wani allura ba da saninsa ba, aka sha ba da haƙuri.

Ta danna kiran. Muryar wani dattijo ce mai suna Rissa, daga zangon makiyaya arewa da Takanamat.

"Saniya na naƙuda tun jiya. Ɗan ya gicce, ta gaji. A turo muna likita."

"Kai ne mai ita?" in ji na'urar, cikin ladabi.

"A'a, ba tau ba ta. Ta ƙanen matata ta, Souleyman. Yat tahi Libiya cirani, yab bam min ita mu sha nono."

"Za a same shi a waya?"

"Shi ka kira in ya samu rezon waya."

"Matarka fa?"

"Ita ɗan maraƙin anka yi mata alkawali nai, ba uwar ba."

"To maraƙin nata ne? Ta yarda?"

"Bai hito ba tukun, ƙaƙa za ya zan nata?"

Haka suka yi ta zagaye, kamar jakin da ke jan guga. Daga ƙarshe na'urar ta ce a kai saniyar inuwa a ba ta ruwa, ta yi masa sannu, ta rufe.

Ƙosan ya fita ran Shamsiya. Ta sake karanta bayaninta kalma kalma, ba ta ga kuskure ba. Ta sake sauraron kiran, nan ma na'urar ba ta kauce ko taku ɗaya ba. Kowa ya yi daidai, ga saniya kwance. Kanta ya ɗaure tamau, ta ƙwala wa Almustafa kira, likitan da ke zaune yana shayi tun safe saboda ba wanda ya aiko masa.

Ta sa masa kiran, yana jin muryar dattijon ya fara neman makullin moto.

"Tsaya, don Allah," ta ce. "Wane ne mai ita? In rubuta 'mai dabba ko mai riƙonta'?"

"Rubuta. Amma ɓarawon shanu ma mai riƙo na."

"To 'ko danginsa'?"

"Nan arewa kowa dangin kowa na. Garken Rissa rabi nai amana ta. Ta gwaggo, ta malami, ta ɗiyar da ba a ko yaye ba."

"Me ya hana shi ya ce tasa ce kawai? Wa zai sani?"

Almustafa ya dube ta kamar ta ce a sha ruwa da azumi. Ya ɗauki makullinsa, ya fice.

Ta rubuta, ta goge. Ta rubuta, ta goge. Duk jimlar da ta ɗinke ta nan sai ta yage ta can. Tsoro ya kama ta, ta ɗauki wayarta ta kira Rissa da kanta don ta ce masa likita na hanya.

Sai da suka gama gaisuwa tsaf, iyali da gajiya da rana, sannan ya ce likita ya koma, kada ya wahala.

"Da hantsi nis sa mata wuƙa, kada ta yi mushe. Na yanke kunnen da ad da shaida tai, na aje, in Souleyman ya dawo ya gani da ido nai."

Shamsiya ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, ya riga ta.

"Wanga yaro naku da na yi magana da shi, ki gaishe min shi. Ya ƙiya ya taɓa dukiyar wani ba da izni ba. Wadda ta rene shi ta iya reno."