Wa'azin Binne

… kuma waƙar ta ƙi ƙarewa, gara ma kada ta ƙare. In ta ƙare shi zai tashi, shi Nuhu mai bishara, ya hau ɗan mumbarin nan na katako ya buɗe baki. Ya ce musu me?

Bencin gaba wayam. Nan 'yan Kudu masu shaguna suke zama a da, su ne masu ba coci baiko mai kauri. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ce musu ku tafi, tsoro ne ya ɗaure musu kaya. Suka bar masa manoma, 'yan tsiraru, a wannan cocin ƙasa da ke bayan Kasuwar Daji. Manoma kuwa ba sa tambayar Aljanna a watan shuka. Ruwa suke tambaya.

Ga Gimbiya can a layin mata — kada ya duba ta. Ya riga ya duba. Bakinta yana motsi amma ba waƙa take yi ba. Mijinta ya mutu, jikoki sun cika mata gida, irin geron da ta ɓoye tun kaka kuma…

Ai ya sani! Abin da ke cin ransa ke nan, ya sani. Ba shi aka tura taron bita Jos ba? Wani Bature da majigi, ƙanƙara tana narkewa a wata ƙasa da ko sunanta bai riƙe ba. Duniya tana ɗumama, in ji shi, damina za ta riƙa yaudara, ta leƙo ta koma. Ku je ku yi wa'azin kula da halittar Allah. Aka sallame su da dashen darbejiya a leda. Ya dawo ya yi wa'azin, tsakani da Allah ya yi shi, mutane suna hamma, wani dattijo ya ce, "To Malam, mu munka narke ƙanƙarar?" Aka kwashe da dariya. Dashen kuwa awaki suka yi godiya.

Wa'azin da ba ya sa tukunya ta tafasa, wa zai saurara?

Ganga ta ɗaga, mata sun koma amshi. Saura kaɗan.

Sai damina ta makara. Gari ya fita sallar roƙon ruwa, manya da yara, riguna a juye. Na'ibin liman, maƙwabcinsa, mutumin kirki wallahi, ya tsaya a ƙofarsa ya ce, "Malam Nuhu, ku ma ku taya mu roƙo." Shi ke nan abin da ya ce. Babu gori a ciki, ko kaɗan. Amma kunnen Nuhu gori ya ji. Kullum su ne masu gari, su ne masu rediyo, yanzu har ruwan sama zai zama nasu? In ya sauka a ce albarkar addu'arsu ce, mutanensa kuma su zauna suna kallo kamar baƙi a gonakin iyayensu?

Lahadin da ta biyo baya ya hau mumbarin nan — wannan ɗin, ga shi, har da tsagar da ke gefensa — ya yi wa'azin da bai taɓa yin irinsa ba. Binne! Mai bangaskiya ba ya jiran ya ga hadari. Yana tona busasshiyar ƙasa ya binne irinsa ya rufe, domin Allah ya yi alkawari tun bayan ruwan tsufana cewa shuka da girbi ba za su yanke ba. Muryarsa har rawa take. Babu mai hamma ranar. Washegari suka fita da sungumi cikin rana, Gimbiya a gaba, ta binne irinta kaf, ko tafin hannu ba ta rage ba.

Ruwa kuwa ya zo… ɗan kaɗan, iya abin da zai ta da tsiro. Gonakinsu suka yi kore kafin na kowa. Ya wuce ta ƙofar Na'ibi a hankali, yana ta gaisuwa mai tsawo, wai ina ruwa. Kai, Nuhu!

Daga nan sama ta kulle. Tsiron ya naɗe, ya yi ja, ya kwanta. Waɗanda suka shuka bayan ruwan ma nasu ya ƙone, rana ba ta tambayi kowa addininsa ba. Amma su sun taɓa ƙasa, sun auna, sun rage iri. Nasa mutanen ba su rage ba, don shi ya ce musu ragewa rashin bangaskiya ne.

Ya Ubangiji, alkawarin naka ne ko nawa? In naka ne, ina shi? In lokacin ya gurgusa, me ya sa ba a rubuta mana sabo ba? Waɗanda suka narkar da ƙanƙara suna can suna cin abincinsu, aka bar ni da tsohuwa da rumbu rabi…

Iska. Labulen taga ya ɗaga. Kwanon rufi ya yi ƙara a sama, ƙanshin ƙasa ya shigo — gabas ta yi baƙi. Kawuna duk sun juya. Waƙar ta mutu a tsakiyar baiti, mai ganga ya ɗora hannu a kan fata.

Kada ya sauka. Allah, ko dai ya sauka sosai, ko kada ya sauka. Mai bishara ne yake roƙon nan? Shi ne.

Gimbiya ta miƙe, ta gyara zane. Babu fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi sauƙi.

"Malam," ta ce, "hatsin da ya rage mini, na tuwo na. Mu shibka shi, ko mu dakata?"

Shi take tambaya. Har yanzu shi. Duk idanu sun baro taga sun dawo kansa, suna jira, sun yarda da shi… Ban sani ba — kalma uku ce kawai, ga ta a maƙogwaronsa. In ya faɗe ta, me ya rage musu a ɗakin nan? In bai faɗa ba, me zai rage a rumbunta?

Ɗigon farko ya bugi kwano. Ƙafafunsa sun riga sun ɗauke shi zuwa mumbari, bakinsa kuma yana buɗewa, da muryar nan tasa mai rawa.