Ƙaramar Sifika a Bakin Taga

Ɗakin Safwan bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Katifa, buta, ƙusar rataye kaya, sai teburin da tsohuwar kwamfuta ke zaune a kai. Maigidansa na shagon buga takardu ne ya bar masa ita da ya sayo sabuwa daga Gusau. Ba ta da sifika. Bai taɓa damuwa ba, abin sawa a kunne ya ishe shi.

A cikin kwamfutar nan akwai muryar Hamisu.

Hamisu ɗan Gwaggo ne, yayar mahaifin Safwan, wadda ta riƙe Safwan tun da aka yaye shi aka kawo shi Ƙaura daga Zurmi. Tare suka tashi gida ɗaya. Hamisu direba ne, Ƙaura zuwa Shinkafi. Wata Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, taya ta fashe masa a hanyar dawowa. Kafin magariba an kai shi makwancinsa.

Shi ne ɗan farin Gwaggo, don haka tunda ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take cewa. In ya shigo gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Ranar da ya rasu mata na ta kuka, ita tana tambaya ko an kai wa baƙi ruwa a zaure. Aka yi ta yabon alkunyarta. Safwan bai yaba ba. Ya ga yadda zanenta ya fara yi mata yawa.

Ana saura 'yan makonni ya rasu, Hamisu ya shigo ɗakin ya ga abin sawa a kunnen nan mai 'yar makirfo a jiki. Ya ce sai an ɗauki muryarsa. Ya yi ta shirme, Safwan ya adana, ya manta. Bayan sadakar arba'in ya ci karo da shi. Ya saurara sau ɗaya, ya kasa fita masallaci.

Ya sa wa Surayya, autar Gwaggo, a kunne. Ta yi kukanta, ta je ta gaya wa uwarta.

"Mi ta ce?" in ji Safwan.

"Cewa ta yi, to ita mi ya dame ta."

Amma washegari Gwaggo ta ɗauke tabarmarta daga gindin darbejiya, inda ta shekara da shekaru tana tsintar shinkafa, ta dawo da ita jikin bangon ɗakin Safwan. Wurin ba inuwar kirki. Bangon ne kawai, da 'yar taga can sama kusa da rufi. Kullum NEPA ta kawo wuta, sai ya ji ƙarar farantinta a bayan bango.

Ya san ba za ta shigo ba. Ya san ko ya miƙa mata abin kunnen ba za ta karɓa ba, in kuwa ya fito da kwamfutar tsakar gida, tashi za ta yi ta shige ɗaki. Sai dai muryar ta je ta same ta inda take, kamar ba da gangan ba.

Ya ɗauki ɗan abin da ya tara, ya nufi shagon Ɗantani mai kayan wuta, ta wajen tashar jirgi.

"Ɗan boko, yau kai ne a kasuwa? Mi kaka so?"

"Sifikar kwamfuta. Mai araha."

"Ɗakin babba ne?"

"Ƙarami."

Ɗantani ya sauko da wasu 'yan ƙanana guda biyu, farare, ko wace ba ta fi sabulun wanki ba. "Ga daidai kai. Wanga ko mai shayi na iya saye."

Safwan ya juya su a hannu. Ba nauyi. Ya ji kamar raini ne a ce muryar Hamisu ta fito daga nan.

"Wadda ka ratsa bango nika so."

Ɗantani ya yi dariya. "Ashe biki za ka yi. Ka dai yi a hankali, 'yan hisba ba su da nisa da unguwarku." Ya janyo wani baƙin akwati daga ƙarƙashin benci, ya hure ƙurar kansa. "Wufa ke nan, babbar sifika mai gurnani. Ta hannu ce, ƙananan da ke tare da ita sun ƙone, shi ya sa zan sakar maka. In ka kunna ta, har maƙwabta sai sun ji a ƙirjinsu."

Ita ya ɗauka. Ya rungumo ta a kan kabu-kabu har gida.

Da hantsi aka kawo wuta. Ya jira har ya ji farantin a bayan bango, sannan ya kunna. Teburin ya ɗauki rawa. Kwanon rufi ya yi ta zuza, ƙasa na zubowa daga bango. Muryar Hamisu ta koma kamar gurnanin babbar mota a tudu. Shi da ya san maganganun ma da kyar yake tsinto su.

Surayya ta leƙo. "Yaya, an ce ka kashe injin nan, kaji sun watse."

"Ba ta ji komai ba?"

"Gum, gum. Shi kaɗai."

Da ya fita alwala ya ga tabarmar ta koma gindin darbejiya. Gwaggo ta ba bangon baya.

Kwana biyu bai taɓa kwamfutar ba. Rana ta uku ya mayar da wufar.

"Kayan da ya kwana gidan mutum?" in ji Ɗantani. "Haba ɗan boko. Ni na ce ka ɗauka?"

"Ba kuɗi nika so ba. Musanya."

Ɗantani na gunaguni ya jona ƙananan nan a rediyonsa, ya sa kaset ɗin wa'azi, don tunda aka fara shari'ar Musulunci a jihar, da irinsa yake gwada kaya. Safwan bai tsaya saurare ba. Ya fita ya zagaya bayan shagon, ya tsuguna jikin bango kusa da kwata. Muryar malamin siririya ce, ba ƙarfi, amma duk kalma tana fitowa ta saman ƙofar baya. Ya dawo.

"Ɗaga guda sama."

Ɗantani ya ɗora ta kan kanta. Safwan ya sake zagayawa. Yanzu har numfashin malamin yana ji.

"Kai, lahiya? Kowa na sayen sifika ya ji a ɗaki, kai kana saye ka ji a lungu. Ko wata ce a maƙwabta?"

"Gwaggona ce. Muryar ɗanta."

"Wane ɗa?"

"Hamisu direba."

Ɗantani ya kashe rediyon. "Wanda ya yi haɗari hanyar Shinkahi? Ɗan fari ne?"

Safwan ya gyaɗa kai.

Ɗantani ya miƙe. Ya yanko waya mai tsawo, ya fere bakinta da haƙori, ya ƙara wa guda ɗaya, ya naɗe da baƙin salatif. Ya sa su a leda.

"Allah shi jiƙan shi. Ya sha kawo man kaya bai karɓi ko sisi ba."

A gida Safwan ya taka teburi ya ajiye mai doguwar wayar a bakin taga, fuskarta na kallon tsakar gida. Ɗayar ya bar ta kusa da shi. Sai dai tabarmar na can gindin darbejiya. Ranar ba wuta. Washegari an kawo, Gwaggo ba ta matso ba. Bai kunna ba.

Ran Juma'a, maza sun tafi masallaci, shi ya makara da gangan. Aka kawo wuta. Can ya ji jan tabarma a ƙasa, ya ji an ajiye faranti. Ya daɗe da yatsa a kan abin latsawa, sannan ya latsa.

"Assalamu alaikum jama'ar Ƙaura." Muryar ta fito tas, kamar yana tsaye a ƙofa. "Hamisu direba ke magana, sarkin hanyar Shinkahi. Kai Safwan, yana ɗauka kuwa? To. Ina gaida Surayya mai bakin tsiya. Ina gaida yarana na tasha." Ya ja hanci, ya yi tari, ya yi dariya. "Kai ni yunwa nika ji. Ka ji ƙamshi? Wallahi na ci tuwo Shinkahi, na ci Gusau, ban ga irin na gidan ga ba. Amma kar ka hwaɗa ma mai shi. Kashe, kashe abin ga."

Shi ke nan. Ko minti biyu bai kai ba.

Bayan bango tsit. Ba ƙarar shinkafa, ba motsin faranti. Safwan ya zauna yana kallon 'yar farar sifikar. Ya so a ce Hamisu ya faɗi wani abu da ya fi wannan. Ya so a ce ya kira ta, ko sau ɗaya.

Ya ɗauki hularsa ya fito. Dole ta gabanta zai bi. Kaji sun hau farantin suna ci, ba ta kore su ba. Idonta a bushe, yana kan ƙasa.

"Sai na dawo, Gwaggo."

Har ya kai bakin zaure ta yi magana, ba tare da ta ɗago ba.

"Mura garai rannan."

Ya tsaya.

"Na jiyo tarin tun daga madahi. Shi ya sa na cika yaji a miyar." Ta sa hannu ta kori kajin, ta jawo farantin. "Ban sani ba ko ta sake shi kahin ya tahi."

Safwan ya juyo. Shi ma bai sani ba.

"Tahi, kar ka rasa salla," in ji ta. "Abin can na taga, bar shi nan inda yake."