Takardar da Beryl Ta Ƙi Sa wa Hannu

A garinmu na arewacin Ingila, duk wanda yake zaune shi kaɗai ƙaramar hukuma na rage masa kashi ɗaya cikin huɗu na harajin gida. Iyakar ladan kaɗaici ke nan da na taɓa gani a rubuce.

Maƙwabciyata Beryl Ramsden mijinta ya rasu. Norman Illingworth, da gidansa ke kallon nata, matarsa ta rasu. Kowannensu yana cin wannan ragi. Bara aka yi wa Norman aikin gwiwa, Beryl ta ce ya zo gidanta ta yi jinyarsa na mako biyu. Wata goma sha huɗu suka wuce bai koma ba. Kullum da safe dai yakan tsallaka titi ya buɗe labulen gidansa don mu gani, ya dawo shan shayi. Mu kuma muna gani, muna yin shiru.

Sai ga takardar hukuma ta iso wa Beryl: ta sa hannu cewa har yanzu ita kaɗai ke zaune a gidan. Shekara talatin ta yi tana aiki a gidan waya, ba ta taɓa sa hannu a kan ƙarya ba.

Norman ya yi mata dogon bayani. Ya ce shi baƙo ne, kayansa na can, likitansa ma wancan adireshin ya sani. In ta rubuta sunansa ragin nata ya tafi, nasa ma ya tafi, gidansa kuma ya zama kufai mai cin cikakken haraji.

"Baƙon da ke zaɓa min tashar talabijin?" in ji Beryl. "Ji nan, tsoho. Ko sunanka ya shiga takardar nan, ko ka koma gidanka yau, in sa hannu da gaskiyata."

"Korata za ki yi saboda fam ɗari huɗu, 'yar tsohuwa?"

"Kai ne za ka tafi saboda su."

Ya tafi. Kwana huɗu muna ganin hasken ɗakinsa, muna jin ƙaurin burodin da yake ƙonawa. Ita kuwa ta ajiye takardar a kan tebur ba ta taɓa ba, ta ci gaba da dafa abincin mutum biyu tana zuba rabi a firiji. Na tambaye ta ko tana tsoron ba zai dawo ba. Ta ce sosai ma, sannan ta tambaye ni ko ina son miya.

Ranar Juma'a da hantsi Norman ya fito yana jan kujerarsa mai hannu, da gwiwar nan tasa, ya tsayar da motar bas a tsakiyar titi. Ya ƙi yarda kowa ya kama masa. Da ya kai ƙofarta yana haki, ya ce, "Rubuta ni."

Ta ce ya fara goge ƙafa tukuna. Sannan ta ɗauko biro.