Likita na Huɗu

Ranar Litinin da safe wani sabon likita ya shigo ɗakin mata, yana jujjuya fayil ɗin Umma kamar yau aka buɗe shi. Auta na ganin baƙuwar fuska ranta ya ɓaci, don ta san tambayar da za ta biyo baya.

"To, me ya kawo Mama asibiti?"

Kwanansu goma sha tara ke nan a gado na shida, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Ƙusa ce ta soki Umma a ƙafar hagu, ciwon suga ya hana wurin warkewa, har yatsu biyu suka yi baƙi. Likitan farko ya ce wankin ciwo da allura sun isa, sai aka mayar da shi wani sashe. Na biyu ya soke allurar ya rubuta ƙwayoyi, kafin a ga amfaninsu ya tafi kwas. Ta uku mace ce mai kirki, har lambar wayarta ta ba Auta, amma cikinta ya tsufa, ranar Juma'a ta tafi hutun haihuwa. Kowannensu sai Auta ta ɗauko masa labarin tun daga kan ƙusa. Ta haddace shi tsaf, ko cikin barci aka tashe ta za ta karanto.

"Duk yana cikin fayil ɗin da ke hannunka, Likita," in ji ta.

"Na fi son in ji daga bakinki."

Ta faɗa masa. Ya sa nas ta warware bandejin, ya duba. Daga nan ya kira Auta gefe, ya ce yatsun biyu sun riga sun mutu. In aka cire su yau, ƙafar za ta tsira. In aka ƙara mako guda, sai dai a yi maganar gwiwa.

"Mutum uku sun ce mana za ta warke," in ji Auta. "Kai ma jibi za a ɗauke ka, wani ya zo ya ce da ma ba a yanke ba. Maganar wa zan kama?"

Bai yi musu ba. Ya miƙa mata takardar amincewa, ya ce zai dawo ƙarfe ɗaya.

Ta fita baranda ta kira Yayansu, wanda tun kwanciyar Umma sau biyu ya leƙo, amma shawara kam kullum yana aikowa ta waya. Ya ce kada ta kuskura ta sa hannu, a canza asibiti. Minti goma bayan nan ya sake kira, ya ce matarsa ta ce gara a yi aikin. Auta ta kashe wayar gaba ɗaya. Haushi take ji na kowa, har da kanta, don ita ce ta ga ƙusar nan a ƙasa ta ce za ta ɗauke in ta dawo daga aiki.

Ta koma ta zauna a bakin gadon, takardar na kan cinyarta. Umma ta kalle ta.

"Yanke su zai yi ko?"

"Umma, ni na gaji. Kowa da tasa maganar. Ke ko haushi ba kya ji?"

"Ina ji mana. Yatsuna ne fa, ba na aro ba." Ta gyara kwanciya da ƙyar. "Amma me ya rage min da bai canza ba? Haƙora sun zube, ido ya yi rauni, babanku ya tafi, gidan da na haife ku an rushe an yi shaguna. Ranar haihuwarki ungozoma biyu suka yi canji a kaina, ni dai Allah nake kira. Shi ne zan kira yau. Shi ba a yi masa canjin wurin aiki, kuma ba sai na faro masa daga kan ƙusa ba."

Dariya ta so ƙwace wa Auta, sai kuka ya riga ta. Ranta bai huce ba, kuma har yanzu ba ta san ko wannan likitan ya fi na baya gaskiya ba. Ta ari biro wurin nas, ta ce bismillah, ta sa hannu, nas ta kai wa likitan takardar.

Sha biyu da rabi Umma ta ce a kawo mata buta da roba. Nas ta yi gargaɗi kada ruwa ya taɓa ciwon. Auta ta tallafe ta, Umma ta wanke hannu da fuska, ta wanke ƙafar dama. Da ta zo ta hagu, sai ta jiƙa tafinta ta ɗora a kan bandejin, tana shafawa a hankali, tana lalubo yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Masu turo gadon tiyata suka iso, ɗayansu ya duba agogo.

"Ku ɗan jira ta," in ji Auta. "Ba ta gama ba."