Saura Awa Huɗu

Ina tsaye a ƙofar gida da ledar burodi a hannu lokacin da Maman 'Yan Biyu ta tuntsurar da jarkar a kwata. Da tsumma ta riƙe ta, kamar mai sauke tukunya daga wuta. Matan gidan hayarmu sun yi da'ira, kowacce ta toshe hanci da gefen mayafi. Mahaifiyata, Inna, tana zaune a bakin ɗakinmu, hannuwanta a cinya, tana kallon abin yana bin rariya.

Tarin awa ashirin ke nan ya tafi. Saura huɗu ya cika.

* * *

Ciwon Inna a ƙafa ya fara, bayan rasuwar Baba. Ta ce ji take kamar tana taka auduga. Daga nan tafiya ta koma tangaɗi, sai mantuwa, sai ta riƙa shiga ɗakin da ba namu ba ta zauna. Harshenta ya yi ja, ya yi sulɓi kamar an goge shi. Wannan harshen ne ya ja mana magana. Da ɗaya daga cikin 'yan biyun maƙwabciyarmu ya kwanta zazzaɓi, sai aka tuna Inna ta shafa kansa. Tun ranar ba wanda ya ƙara cin abin da ta taɓa. Kalmar mayya ba a faɗa a gabana ba, amma katangar gidan haya ba ta riƙe magana.

Yayana ya ce zai kai ta can wajen wani mai magani a bayan gari, kafin mai gida ya kore mu. Na roƙe shi mako guda. Ni guga nake yi a shagon wanki, ban yi nisa a makaranta ba, amma na san Inna.

Na kai ta asibiti. Likita ya duba harshen, bai ko ja da baya ba. Ya ce yana zargin cikinta ne ba ya tsotsar wani bitamin, B12 suke ce masa, kuma akwai gwajin da zai nuna. Aka ba ta ƙwaya ta haɗiye, aka yi mata allura. Malamar asibiti ta miƙo mini farar jarka.

"Duk fitsarinta daga yanzu zuwa gobe war haka, a nan. Ɗigo ɗaya ya ɓace, aiki ya lalace."

Inna ta yi dariya, rabon da in ji dariyarta har na manta. "Auta, ka ji? Da tsufana na zama rijiyar mai."

"Ai Mama ke ce arziƙin gidan," in ji malamar. "In ya tabbata, allura ce kawai, za ki koma kina zagin sa da ƙarfinki."

A hanya na yi ta tunanin takardar da za su ba mu. Na yi niyyar manna ta a ƙofar ɗaki, kowa ya karanta.

* * *

Da safe na fita sayen burodi. Ashe Maman 'Yan Biyu ta lura tun jiya Inna ba ta je bayan gida ba ko sau ɗaya. Ta leƙa, ta ga jarka a ƙarƙashin gado, an rufe ta da zane.

Kafin ta zubar, ta tambaye ni. Wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa Yaya ba. Ina shigowa ta ɗaga jarkar sama.

"Mai guga, mene ne wannan kuke tarawa? Wa za a binne wa?"

Magana uku ce: fitsarin Inna ne, asibiti suka ce, gwaji ne. Amma mata takwas ne a tsaye, ga mazajensu a zaure, ga Inna tana kallona. Ban taɓa kiran sunanta ba tun da aka haife ni, balle in ambaci wannan a gabanta, cikin taro. Bakina ya yi nauyi. Na sunkuyar da kai.

"Kun gani? Shi ma ya san abin da ke ciki."

Inna ba ta yi kuka ba. Da aka watse ta ce a hankali, "Ka kyauta, Auta. Ka rufa mini asiri."

* * *

A asibiti suka ce ƙwayar gwajin ta ƙare, mu dawo bayan mako shida. Yaya bai jira ba. Ranar da na fita kai kayan wankin wani otal, ya zo da mota ya tafi da ita. A wajen mai maganin ta yi kwana goma sha tara. Sun ce ta tashi za ta fita ne, ƙafa ta ƙi, ta faɗi a kan dutse.

Maman 'Yan Biyu ta zo gaisuwar rasuwa. Yaronta ya warke tuni. Na amsa mata.

Da mako shida ya cika na sa rigata mai kyau na tafi asibitin, ban san dalili ba. Na zauna a benci cikin masu jira. Wata malama ce daban a kan tebur. Ta kira sunan Inna, ta duba hagu da dama, ta sake kira. A na uku ta yi tsaki.

"Mutanen nan, a ba su rana su ƙi zuwa."

Ta ja layi da biro, ta kira na gaba. Tsohuwar da ke gefena ta miƙe da ƙyar, na janye ƙafata ta wuce.