Tabarmar Dada a Kan Sola

Ranar da aka kafa sola a gidanmu har guɗa na yi. Ban san aiki na yi wa guɗa ba.

Ba don talabijin aka kafa ta ba, ba don fanka ba. Surukata ce, Dada, mahaifiyar maigidana Mas'ud, take da ciwon suga, likita ya ɗora ta a kan allura safe da yamma. Ruwan allurar a 'yar kwalba yake zuwa, kuma ba ya shiri da zafi. In ya daɗe cikin ɗumi ƙarfinsa tafiya yake yi, ko da ido bai ga ya canza ba. Mu kuwa a unguwarmu ta bayan kasuwar Ƙanƙara, in aka ɗauke wuta sai mutum ya manta inda makunni yake a bango. Shi ya sa maigidan ya sayar da ɗaya daga cikin shanunsa na huɗa, ya kira Ɗanlahadi mai haɗa sola, aka kawo farantai biyu da batir da wata 'yar ƙaramar firji.

Ɗanlahadi ya so ya ɗora farantan a kan kwano. Maigidan ya ƙi, ya ce an sha kwance na mutane a sama, gara a ajiye inda ido ke gani. Aka ƙera musu ƙafafun ƙarfe, aka girke su a tsakar gida, tsayinsu bai wuce ƙugun mutum ba. Daga nan fitinar ta fara.

Satin farko komai lafiya. Da bazara ta kankama sai batir ya fara mutuwa tun kafin gari ya waye, in buɗe firji da safe in ji ta kamar cikin aljihu. Maigidan ya kira Ɗanlahadi ya wanke shi tas, ya ce ya sayar mana da mataccen batir. Bawan Allah ya zo da safe ya gwada wannan ya gwada wancan, ya rantse kayansa ƙalau suke, ya tafi yana huci. Ni kuma na ɗora laifin a kan wayoyin maƙwabta da ake kawowa caji, har na ɓata da mutum biyu a banza.

Ashe a lokacin da nake tafiya Islamiyyar matan aure, daga hantsi zuwa bayan azahar, ake yin aikin. Wata rana malaminmu bai zo ba, na dawo da wuri, na tarar da farantan nan an lulluɓe su ruf da sabuwar tabarma, an danne gefe da gefe da duwatsu don kada iska ta yaye. Dada na zaune a inuwar rumfa tana gyaran zogale, tana kallon aikinta da gamsuwa.

Na gaishe ta, na tambaya cikin ladabi ko shanya za a yi. Ta ce a'a, ta dai ga rana ta yi yawa ne. Ta taɓa gilashin jiya ya kusa ƙona mata hannu, kuma ita ba ta taɓa ganin inda aka bar abu mai tsada a rana ba. Babur ma inuwa ake nema masa, keken ɗinki a rufe shi da zane, balle wannan da aka rabu da sa guda saboda shi. Da la'asar in rana ta yi sanyi takan buɗe shi ya sha iska.

Abin da aka ƙera don ya sha rana, shi ake ɓoye wa rana, kuma mai ɓoyewar ita ce wadda ranta ya dogara da shi. Na ce, a hankali, ai Dada da ranar yake aiki. Ta ce ta sani, shi ya sa take barinsa ya samu ta safe da ta yamma, masu lafiya. Ta tsakiya ko mutum ba ta yi wa daɗi ba.

To ni suruka ce. Ba zan tsaya ina musu da uwar miji ba, ba kuma zan je in yaye tabarmar da ta shimfiɗa da hannunta tana kallo ba. Na jira maigidan ya dawo daga gona na zayyana masa komai, na ce ya je ya yi mata bayani. Ya sunkuyar da kai yana murza hula.

Matsalar ita ce shi ɗan fari ne. Dada irin mutanen da ce, 'yar Ketare, masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "wancan". In ya shigo gaishe ta, gefe take kallo, ta amsa a taƙaice kamar mai amsa wa baƙo. Ranar da aka kawo solar ma ba ta ce masa an gode ba, ni ta ce wa Allah shi yi albarka, ni da ban sayar da ko kaza ba. Shi ma tun tasowarsa bai taɓa doguwar magana da ita ba. Mutumin da ya iya zazzaga wa Ɗanlahadi faɗa har maƙwabta na leƙe, ya kasa zuwa ya ce wa mahaifiyarsa ta ɗauke tabarma.

Ya ce zai turo Gwaggo Larai, ƙanwar Dada, ita ce bakinta ke shiga. Gwaggo Larai ta zo daga Mairuwa ranar kasuwa, na yi mata fura, na yi mata bayani dalla-dalla, ta ce in bar komai a hannunta. Suka fita tsakar gida su biyu. Ina leƙe ta taga na ga Dada ta ɗaga gefen tabarmar ta ce ta taɓa ta ji. Gwaggo ta taɓa, ta janye hannu da sauri. Da za ta tafi sai ta ja ni gefe ta ce gaskiya Yaya na da hujja, ta kuma ba da shawarar a ƙara buhu a ƙarƙashin tabarmar.

Na koma dabara. Na daina zuwa Islamiyya, ina fakon Dada ta shiga alwala in zame tabarmar in ce iska ce. Ta ƙara duwatsu. Na ce awaki ne, ta ɗaure awakin. Na kai kwalbar allurar firjin wani mai kemis, shi ma ranar da ba wuta janaretonsa sai dare yake tashi. Kullum cikin haushi nake kwana, ga tsoro, don na fara ganin Dada tana shan ruwa kamar ba gobe, tana yawan zagayawa, tana cewa idonta na hazo. Allurar dai ina yi mata ba fashi, amma na san ruwa kawai nake tsira mata.

Ranar wata Laraba ta tashi za ta ɗauko buta, ƙafafunta suka ƙi. A bayan motar maƙwabci muka kai ta asibiti, kanta a cinyata, bakinta a bushe. Ma'aikaciyar jinya ta karɓi kwalbar ta juya ta, ta tambayi inda muke ajiyewa. Na ce a firji. Ta tambaya ko firjin na sanyi. Da ta gane daga fuskokinmu cewa ba ta yi, sai ta dube mu kamar waɗanda suka yi sakaci da tsohuwa, ta faɗa mana maganganun da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na haɗiye, don ba zan tona asirin surukata tana kwance ana ƙara mata ruwa ba.

Sai da ta kwana uku kafin ta dawo hayyacinta sosai. A daren farko da ta iya magana ba ta tambayi jikinta ba, tambaya ta yi wa aka bari ya rufe abin. Nan haƙurina ya ƙare. Na durƙusa a gefen gadon, na manta da kunya.

"Dada, ki yi mini aikin gafara. Tabarmar nan ita ta kawo ki nan. In an rufe shi batir ba ya cika, firji ba ta sanyi, maganinki ya lalace. Kin kusa tafiya saboda tabarma."

Ta amsa, idonta na kan silin.

"Ɗiyar nan, san huɗar nan da ya saida, tun yana maraƙi shi ka kiwonai. Na ga sadda aka ja shi aka hita da shi, wancan ya bi shi da kallo har ƙohwa. Mi zan iya yi mishi ni? Ko sannu ba ni iya ce mishi. Abin ga dai na iya tsare mishi kada shi lalace."

Haushin bai tafi ba, sai dai ya rasa wanda zai sauka a kansa.

Kafin a sallame ta maigidan ya yi abin da ya kamata a yi tun farko. Ya je ya ba Ɗanlahadi haƙuri, aka aika wa maƙwabta cewa maza za su hau sama, aka ɗora farantan a kan kwanon ɗakin girki, aka ɗaure su da ƙarfe da kwaɗo. Muka dawo da sabuwar kwalba, firji ta yi sanyi har tana raɓa. Na ce alhamdulillahi, an gama.

Kwana biyu da dawowarmu, rana tsaka, ina tankaɗe na ji ƙarar kwano. Na fito na ga Dada, wadda ko tafiya sai da dafa bango take yi, ta jingina tsani, ƙafarta ɗaya a kan matakin farko, tabarma naɗe a hammata. Na ajiye rariya na je na riƙe tsanin.

Ta ce ba hawa za ta yi ba, wai dubawa kawai take. Sannan ta sauke ƙafar, ta ce tunda na hana, ni in hau in taɓa mata, in ji ko ya yi zafi.

Haka na ɗaure zane, ni matar aure da 'ya'ya, na hau tsani da tsakar rana ina addu'ar kada wani ya hango ni. Na ɗora tafin hannu a kan gilashin. Zafin ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa, na cije leɓe na bar hannun ya ɗan jima don ta ga na taɓa da gaske. Na sauko.

"Lafiyarsa lau, Dada. Can sama akwai iska, ko ɗumi bai yi ba."

Ta kama hannun nawa ta juya shi. Tafin ya yi ja, yana turiri a cikin nata. Ta riƙe shi ta daɗe, ba ta dube ni ba. Sannan ta zare tabarmar daga hammata ta miƙo mini.

"Shimfiɗa muna a rumfa," ta ce. "In lokacin allurar ya yi ki tashe ni."