Tayoyin da Inna Ta Cinye

A filin tseren motoci da ke bayan gari ba wanda ya san shi da wani suna sai Saura-Ƙiris, domin tun da ya fara tsere bai taɓa zuwa na ɗaya ba, bai kuma taɓa sauka daga na biyu ba. Kullum abokinsa Guguwa ne a gaba, shi yana biye yana shaƙar hayaƙi. A gida kuwa Baban 'Yan-biyu ne, mai kantin magani, mutum mai sanyin hali wanda ko ƙofa ba ya bugawa da ƙarfi.

Bana ce kaɗai abin ya zo masa kusa da baki. Motar Guguwa ta ba shi matsala a tsakiyar shekara, maki ya zo kunnen doki, aka ce tseren ƙarshe na ranar Asabar shi zai raba gardama. Wanda ya riga, shi ne da kofi.

Sai dai akwai maganar tayoyi. Motar Saura-Ƙiris ja ce, gajeriya, mai kujeru biyu, tayoyinta kuma na tsere ne. Irinsu robarsu taushi gare ta. Idan ta yi zafi sai ta kama kwalta kamar cingam a tafin takalmi, shi ya sa motar ke shan kwana ba ta zamewa. Amma kowane allazi da nasa amanu, don duk inda robar ta kama sai ta bar ɗan jikinta a wurin. Tun suna sababbi ma zanensu ba zurfi. A cikin ramin zanen akwai wani ɗan tudu, dokar filin kuma ita ce mai duba motoci zai sa yatsa ya shafa. In robar ta siɗe har ta yi daidai da tudun nan, sai ka koma gefe ka yi kallo. Saura-Ƙiris ya yi odar sababbi, dillali ya ce sai wata mai kamawa. Da ya auna abin da ya rage, ya ga zai ishe shi tsere ɗaya da ɗan ragowa. Sai ya lulluɓe motar da tamfol a gareji, ya koma zuwa kanti a ƙafa, yana ce wa maƙwabta motsa jiki yake yi.

Ana haka sai ga Inna, surukarsa, ta sauka da akwatinta da sandarta. Gwiwa ce ta matsa mata, likita ya ce sai an riƙa yi mata gashi a asibiti kowace safiya. Da yake tsautsayi ba ya zuwa shi kaɗai, a makon ne bakanike ya warware injin motar Maman 'Yan-biyu, ya baje shi a ƙasa, ya shiga yi mata alkawarin gobe.

Saura-Ƙiris ya sami matarsa a kicin tana wanke kofuna, ya yi gyaran murya, ya kawo shawarar tasi. Ya ce akwai wani direba mai hankali, motarsa har da sanyi.

Ta ajiye kofin ta dube shi sama da ƙasa. "Mahaifiyata a tasi, alhali ga mota kwance a gareji da bargo kamar mai zazzaɓi? Je ka faɗa mata da bakinka."

To, shi da ko ido ba ya iya haɗawa da Inna, ina zai iya wannan? Washegari ya yaye tamfol.

Shigar da Inna motar ma aiki ne. Kujerar tana ƙasa ƙasa, sai da 'yarta ta riƙe hannu ɗaya, shi ya riƙe sanda, 'Yan-biyu suna gefe suna dariya suna cewa kaka ta faɗa kwando. Inna ta ce su bari ta dawo, za su ga kwando. Ya ɗaura mata bel, ya ja mota kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Ba ya taka birki sai dole, in zai sha kwana sai ya buɗe ta da faɗi, yana jin kowace tsakuwa a cikin ransa. Wani mai sayar da burodi a keke ya wuce su, har ya waiwayo.

Da Inna ta gaji, sai ta tambaya ko motar ba ta da lafiya ne. Ya ce lafiyarta lau. Ta ce to Allah ya ƙara sauƙi, ita dai 'yarta ta ce mata motar gudu ce, ashe gudun hawainiya ake nufi.

A babban shataletalen da ke gaban asibiti abin ya lalace. Wata tifa ta shigo ba sallama, Saura-Ƙiris bai san lokacin da ƙafarsa ta danna totur ba. Motar ta yi gurnani, ta zagaye shataletalen kamar dutse a majajjawa, ta fita ta ɗaya gefen. Da ya dawo hayyacinsa ya ga mayafin Inna ya karkace, hannunta biyu a kan bel. Ya fara ba da haƙuri.

"Sake," in ji ta.

"Ku yi haƙuri, Inna, wallahi tifar ce..."

"Ɗan nan, na ce ka sake zagayawa. Ban gani da kyau ba."

Daga ranar kwanciyar hankali ta ƙare masa. Inna ta gano cewa kujerar nan mai tauri tana riƙe mata baya fiye da katifa. Ta kuma gano cewa tana da dangi da abokan arziki a kowane lungu na garin, waɗanda rabonta da su an jima, kuma abin mamaki duk hanyar gidajensu sai an bi ta shataletale. Da an fito daga gashi sai ta gyara zama ta ce yau ina muka nufa. Ta koyi jin muryar inji, har tana gaya masa lokacin canja giya. In ya lallaɓa sai ta ce ko yunwa yake ji ne.

Kowace yamma sai ya tsuguna a gareji ya sa yatsa a cikin zanen. Gefen tayoyin gaba ya fi shan wuya, ya yi laushi laushi kamar an goga shi da dutse. Ya gwada dabaru iri iri. Ya ce inji ya yi zafi, Inna ta miƙo masa gorar ruwanta. Ya bi da ita miƙaƙƙiyar hanya, ta ce wannan ai hanyar masu barci ce. Ya je wajen mai faci aka mayar da na gaba baya, na baya gaba, wanda bai hana komai ba sai dai ya raba asarar daidai. Ya je wajen bakaniken matarsa har da roƙo, bakanike ya dafa ƙirji ya ce gobe.

Da abin ya ishe shi ya kai kuka wajen Maman 'Yan-biyu. Ta saurare shi tana ninke kayan makaranta, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta natsu ta ce tun rasuwar Baba ba ta ji Inna tana waƙa a banɗaki ba sai makon nan.

Ranar Alhamis ya shafa, ya sake shafawa. Abin da ya rage tsakanin robar da tudun bai fi kaurin farce ba. Zai wuce hannun mai duba motoci, in dai motar ba ta sake taka titi ba sai hanyar fili. Ya ja tamfol ya rufe, ya ce gobe ko da me za a yi, tasi za a kira.

Da safe ya tarar da Inna a falo ta ci ado, da takalmin fita da ƙunshin tsaraba a cinya. Ta ce yau ba asibiti. Ƙawarta ta ƙuruciya, wadda suka tashi gida ɗaya, tana garin da ke bayan duwatsu, kuma jibi ɗanta zai tafi da ita can ƙasar da yake aiki. A shekarunsu, in ji ta, irin wannan tafiya ba a sa ran dawowa. Tana so ta gan ta.

Saura-Ƙiris ya san hanyar. Kwana ce bisa kwana, kwaltarta kuma kaushi kamar magogi. Ya durƙusa, ya kafa ido a kan tabarmar ƙofa, ya yi abin da bai taɓa yi ba, wato ya yi wa surukarsa doguwar magana. Ya gaya mata labarin robar, da ɗan tudun, da Guguwa, da kofin. Inna ta ce a nuna mata. Ta dogara sanda har gareji, ta sunkuya da gwiwar nan tata, ta shafa tayar da ɗan yatsa.

"Ashe ni nake cin su," ta ce. "Kai ma da zurfin ciki. Ai da ka faɗa tun farko." Ta miƙe da ƙyar. "A bar shi. Sai in kira ta a waya, murya ma gaisuwa ce."

Da faɗa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta koma falo ta cire takalmin, ta jera su a gefe, ta ɗora ƙunshin a kan tebur. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon yadda take warware mayafin a hankali tana ninkewa. Ya tuna Guguwa da dariyarsa mai kama da tashin janareto, ya tuna inda ya share a kan kabad don ajiye kofi. Sannan ya juya gareji, aka ji ƙarar tamfol yana faɗuwa ƙasa.

"Inna, ku sa takalmin," ya ce daga waje. "Rana tana yi."

Da farko lallaɓawa yake, don sabo. Da suka fara hawan duwatsu ya ga hanya fayau ba kowa, sai ya ce a ransa, in za ka sha giya sha ta dubu. Tayoyin suka yi zafi, suka kama kwalta, motar ta shiga bin kwana kamar ruwa a kwari. Bai taɓa tuƙi mai daɗin wannan ba, ko a fili. Inna kuwa, in an fita daga kwana sai ya ji ta yi 'yar dariya ƙasa ƙasa kamar yarinyar da ta saci sukari.

Da suka isa, Inna da ƙawarta suka rungume juna a ƙofar gida, suka yi kuka, suka zagi juna da sunayen ƙuruciya. Saura-Ƙiris ya zauna a inuwa yana shan shayi, yana ganin ai an gama. Can sai ga Inna ta fito riƙe da hannun ƙawar, ta nuna motar, ta ce wannan baiwar Allah ba za ta bar ƙasar nan ba ta ɗana ba. Haka ya sake hawa dutsen ya sauko da wata tsohuwar, wadda ita kuma salati take yi tana cewa a ƙara.

Duk da haka ranar Asabar ya je fili, Inna a gefensa, don ta ce da ita za a yi. Mai duba motoci ya tsuguna ya sa yatsa, ya nemi rami bai samu ba. Ya zagaya sauran ukun, ya ɗago ya tambaye shi a wane fili ya yi tsere jiya ba a gayyace su ba. Inna ta leƙo ta taga ta shiga ciniki da shi. Ta ce ya duba da kyau, ta ce ai ko takalmi ya siɗe ana zuwa kasuwa da shi, ta ce ya yi don darajar furfura. Mutumin ya yi dariya, ya ba ta haƙuri, ya ce doka ce.

A kan benci suka yi kallo. Guguwa ya cinye ba tare da ya waiwaya ba. Abin ya yi wa Saura-Ƙiris ciwo, ba ƙarya, har sai da ya yi kamar ƙura ce ta shiga masa ido. Inna ta gani, ta kau da kai, ta miƙa masa gorar ruwa.

Can sai ga Guguwa ya taho da kofi a kafaɗa, tun daga nesa yake kiran Saura-Ƙiris yana cewa yau ko ƙiris ɗin ma babu. Da ya ga tsohuwa sai ya haɗiye sauran, ya cire hular kwano, ya durƙusa ya gaishe ta, domin shi ma ɗan mutunci ne. Amma bakinsa bai iya zama ba. Ya nuna motarsa da ke gefe, ya ce tayoyin nan makon jiya ya sa su, su ne na ƙarshe a wajen dillali, kuma da su zai buɗe tseren sabuwar shekara in ya lallaɓa su.

Inna ta daɗe tana kallon motar. Ta tambaya ko ita ma kujeru biyu gare ta. Ya ce biyu ne, ranki ya daɗe.

"Madalla," ta ce. "Ka ga motar ɗan nan ta zama ba takalmi, ni kuma da sauran mako guda a gashin gwiwa. Da sassafe nake fita."

Guguwa ya buɗe baki, ya dubi abokinsa, ya dubi furfurar Inna, ya rufe. Ya ce ai ba komai, Inna, shi mai yi mata hidima ne.

Saura-Ƙiris ya tashi ya karɓi kofin ya riƙe masa, ya yi masa murna da zuciya ɗaya, ya dafa kafaɗarsa. Ya ce jibi ya zo da wuri, kuma kada ya bi miƙaƙƙiyar hanya, cunkoso gare ta. Ta shataletale ta fi sauri.